Daga Sifili Zuwa Kilomita Biyar: Jinjina da Sauran Aiki

Yabon gwani ya zama dole. Masu unguwannin da'ira ta uku ta birnin Bangui, da ma'aikatan ofishin magajin garinta, da takwarorinsu na ƙaramar hukumar Bimbo, da 'yan kasuwar Mamadou Mbaïki, da matan da ke kasa kaya a bakin titin Koudoukou, duk sun cancanci jinjina, kuma a ɗaga murya wajen yin ta yadda za a ji a Kano da Katsina da Maraɗi. Su suka riƙe unguwar Kilomita Biyar a shekarun da gwamnati ta kasa sa ƙafa cikinta. Ba su da bindiga, ba su da wani kuɗin a zo a gani. Abin da ke hannunsu hatimi ne da littafin rajista, sai mutuncin da suka tara a idon jama'a, sai kuma ƙarfin halin tashi a je gidan maƙwabcin da jini ya shiga tsakani a yi masa sallama. Da waɗannan suka hana unguwa mutuwa, kuma ni da aka yanke wa cibiya a cikinta ina bin kaina bashin faɗar haka a fili.

Ga wanda bai taɓa zuwa ba, Bangui tana bakin kogin Ubangi, tsallake kuma ƙasar Kongo ce, garin Zongo yana kallonka. Kusa da kogin akwai wani shataletale, nan ne sifili, daga nan ake auna nisan hanyoyin ƙasar. In ka ɗauki titin Barthélemy Boganda ka miƙe, da ka ci kilomita biyar ka iso gidanmu. A takarda PK5 ake rubutawa, a bakin 'yan gari Senk Kilo, mu kuma da Hausa Kilomita Biyar. Unguwa ce da ba ta ci sunan sarki ko na waliyyi ba. Lamba ce sunanta, kuma lambar tana da asali.

A watan Yunin 1889 Faransawa suka kafa sansani a gindin duwatsun da ke tare ruwan Ubangi, inda jirgin ruwa ke kasa wucewa. A 1903 aka yanka ƙasar da suka kira Ubangi-Shari, a 1906 Bangui ta zama mazaunin gwamna, a 1910 kuma aka ɗaure ta tare da Gabon da Kongo da Cadi a ƙarƙashin babban gwamna da ke Brazzaville. Suka yanyanka ƙasar yanki-yanki, kowane yanki da kwamandansa, wanda ya kewaye Bangui aka sa masa sunan koguna biyu, Ombella-M'Poko. Mutumin Maraɗi ko Tasawa ba sai an yi masa bayanin kwamanda ba, kakanninsa sun sha hannunsa. Shi ne alƙali, shi ke karɓar lanho, shi ke ɗibar majiya ƙarfi zuwa aikin tilas, yana kuma iya kulle mutum kwanaki ba tare da shari'a ba, har sai da aka soke wannan tsari a 1946. A ƙarƙashinsa akwai sarakunan kanto da masu gari da masu unguwa, waɗanda aikinsu shi ne su ƙidaya kawuna su kawo haraji. A cikin Bangui kanta, Bature ma'aikacin mulki ne ke zaune a kujerar magajin gari. Turawa suka riƙe bakin kogi, inda iska take da ofisoshi da kantuna, suka tura unguwannin baƙar fata can gefe, tazarar da za ta sa a zo musu aiki da safe a koma da yamma. Wannan tazarar ce ta zama sunanmu.

Sai dai abin da aka yi don a nesanta mutane shi ya tara su. Fataken Hausa sun daɗe suna bin hanyar Adamawa, su sauka Ngaundare, su gangaro kasuwar Kunde tun ƙarshen ƙarni na 19, daga nan zuwa Carnot da Bouar har bakin Ubangi, da tufafi da kanwa da dutsen ado, su koma da hauren giwa da goro. Kakana ta wannan hanya ya zo. Barebari suka zo, Fulani suka zo da shanu, Larabawan Cadi, mutanen Senegal da Mali, ga kuma Gbaya da Banda da Yakoma da Ngbaka 'yan ƙasa. Sunayen lungunan unguwar ma tarihi ne: Camerounais, Sénégalais, Gbaya Dombia, Yakité, Kokoro, Boulata, Fondo. Kowa da harshensa a gida, a kasuwa kuma Sango ta haɗa kowa. Kafin a ankara, wurin da aka ware don a manta da shi ya zama cibiyar cinikin birnin baki ɗaya. Manyan motocin da ke tasowa daga tashar ruwa ta Duwala, su keto Garoua-Boulaï da Béloko da Bouar da Yaloké da Bossembélé da Boali, su shigo ta PK12, da yawansu a nan suke sauke kaya. Ƙasar ba ta da teku, wannan hanya ce maƙogwaronta. Wanda ya ga yadda farashin albasa da siminti da sukari ya yi tsalle lokacin da 'yan tawaye suka datse ta daga Disambar 2020 zuwa farkon 2021 ya san abin da nake nufi.

Kujerar magajin gari ta fara komawa hannun masu gari ne da dokar Faransa ta 18 ga Nuwamban 1955, wadda ta ba wasu biranen mulkin mallaka damar zaɓen majalisarsu. A 1956 mutanen Bangui suka zaɓi Barthélemy Boganda, a shekarar da mutanen Yamai suka zaɓi Djibo Bakary. Boganda shi ne mai taken nan na Sango da ke jikin tambarin ƙasa har yau, Zo kwe zo, wato kowane mutum mutum ne, kuma ya taƙaita aikin hukuma a abubuwa biyar: ciyarwa, tufatarwa, magani, ilimi da matsuguni. Ya rasu a haɗarin jirgin sama ranar 29 ga Maris 1959, bai ga ranar 'yancin kai ta 13 ga Agustan 1960 ba. Bayansa aka sauya sunaye, kwamanda ya koma ferefe, amma taswirar ta zauna kusan yadda aka gada. Birni da da'irorinsa a gefe guda, Ombella-M'Poko da ƙananan hukumominta irin su Bimbo da Damara da Boali a ɗaya gefen. Na tsaya a kan wannan layi ne don shi ya sa rayayyunmu suna ƙarƙashin hukuma ɗaya, matattunmu suna ƙarƙashin wata. Maƙabartar Musulmi tana Boeing, gefen filin jirgin sama na M'Poko, a ƙasar Bimbo.

Ba zan daɗe a kan yaƙin ba. Ranar 24 ga Maris 2013 'yan Seleka suka kama Bangui, suka ɗora Michel Djotodia, suka yi ɓarnar da babu mai gaskiyar da zai musa. Ranar 5 ga Disamba 'yan Anti-Balaka suka afko wa birnin, ramuwar ta faɗa kan duk wanda ke sallah, ko ya taɓa ganin ɗan Seleka ko bai taɓa ba. Daga Musulmi sama da dubu ɗari da ke birnin, waɗanda suka rage a Kilomita Biyar ba su wuce kamar dubu goma sha biyar ba, sauran sun bi motoci zuwa Cadi da Kamaru. A Maris 2015 jakadiyar Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya, Samantha Power, ta ce an rusa masallatai 417 cikin 436 na ƙasar. A ɗaya ɓangaren kuma Kiristoci kusan dubu ɗari, da yawansu maƙwabtanmu na Boulata da Kokoro da Fondo, suka kwana a filin jirgin M'Poko ƙarƙashin fikafikan tsoffin jirage. Gadar Yakité da gadar Jackson suka zama iyakar duniya.

Kawuna ya rasu a damanar 2014. Ba harsashi ba ne, ciwon suga ne da rashin hanyar zuwa asibiti. Muka yi masa wanka, muka sa shi a likkafani, muka sallace shi a ƙofar gida, sai kuma aka tsaya ana kallon juna. Boeing ba ta da nisa, yaro ma zai je da ƙafa, amma ba wanda zai kai gawa can ya dawo da ransa. A tsakar gida muka haƙa. Matarsa, wadda muke kira Inna, tana zaune bakin ƙofar ɗaki da carbi, ba ta ce komai ba har sai da ta ga inda aka sa diga. Ta kira ni a hankali ta ce, "Ɗana, ka ce su matsa da shi jikin katanga, nan ne yara ke wasa." Muka matsa. Gidaje da yawa a unguwar suna da irin wannan tudun ƙasa a bayan ɗaki, wasu kusa da rijiyar da ake sha.

Shi ya sa duk lokacin da aka tambaye ni wane aiki ne mafi girma da aka yi a wancan zamani, ba na fara kiran taron ƙoli ko ƙudurin wata majalisa. Ranar 11 ga Fabrairun 2016 nake kira, ranar da mutanen da'ira ta uku da mutanen Boeing suka sa hannu a kan yarjejeniyar daina kai wa juna hari, aka buɗe hanyar maƙabarta. Takardar ba ta faɗo daga sama ba. An yi watanni ana zama, ana tashi baram-baram, ana sake dawowa. Masu unguwa na ɓangarorin biyu, da shugabannin matasa da na mata, da limamai da fastoci, da hukumomin da'irar da na Bimbo, rundunar MINUSCA ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana dafa musu. Mai unguwar da ya je irin wannan zama ya san cewa in ya dawo gida akwai masu jiransa da kalmar maci amana, kuma wasunsu suna da gurneti a aljihu. Duk da haka ya je. Attahiru Balla Dodo, wanda ya riƙe kujerar magajin garin da'ira ta uku a waɗannan shekaru masu ɗaci, ya zauna cikin jama'arsa a lokacin da zama a kujerar ba ya kawo komai sai barazana daga ciki da zargi daga waje. Shi da waɗanda suka yi aiki tare da shi, da waɗanda suka miƙo hannu daga Boeing, Allah ya saka musu da alheri.

Na bi gawa zuwa Boeing bayan an buɗe hanyar. Muna tsaye a bayan a-kori-kura, makara a tsakiya, babu mai magana, kowa idonsa na bakin hanya. Da muka shiga unguwar sai mata masu soya makala suka tsaya da juya mai. Wani dattijo da ke zaune kan benci ya miƙe, ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji har muka wuce. Ban san sunansa ba, ban san wa ya rasa a yaƙin ba, wataƙila ta hannun wani daga ɓangarenmu. An sare ciyawar da ta rufe kaburbura, muka samu na kakana da ƙyar. Da muka dawo Inna ta tambaye ni ko hanya lafiya, na ce lafiya lau, sai ta fashe da kukan da ba ta yi ba ranar da aka binne mijinta.

Malaman addini sun share fagen wannan tun da wuri. Limam Omar Kobine Layama, da Akbishop Dieudonné Nzapalainga wanda ya zama kadinal a 2016, da Fasto Nicolas Guérékoyame-Gbangou sun zaga ƙasar a mota ɗaya lokacin da ganinsu tare ma abin mamaki ne, kuma limamin ya yi watanni yana fake a gidan akbishop da iyalinsa. Limamin ya rasu a Nuwamban 2020, Allah ya jiƙansa. Ranar 30 ga Nuwamban 2015 Paparoma Francis ya shigo babban masallacin Koudoukou, Limam Tidiani Moussa Naibi ya tarbe shi, da ya fita kuma samarinmu suka bi ayarinsa a kan babura har cikin gari, wasunsu rabonsu da tsallake gadar nan ya fi shekara. Mutanen Lakouanga ma, a da'ira ta biyu, Musulmi da Kirista tare suka sake ɗora tubalin masallacinsu da aka rusa a 2014.

Jama'ar unguwar su ma suna da nasu kason. Ranar 13 ga Disamban 2015, ranar ƙuri'ar raba gardama a kan tsarin mulki, wasu masu bindiga na cikinmu da ba sa son a yi zaɓen suka buɗe wuta a kan masu layi, aka kashe mutane, aka jikkata wasu. Mutane ba su koma gida sun rufe ƙofa ba. Suka nemi a ba su kariya, suka sake jera layi, suka dangwala. Duk wanda ke cewa mutanen Kilomita Biyar baƙi ne ya kamata a tuna masa wannan rana, domin baƙo ba ya tsayawa gaban harsashi saboda tsarin mulkin ƙasar wani.

Sai kuma abin da ya fi wuyar faɗa. Samarin da suka ɗauki makami da sunan kare unguwa sun kare ta a farko, wannan gaskiya ne. Daga baya suka zama hukumar kansu, suka sa wa kowane shago da kowace mota haraji, wanda ya ƙi ya ga abin da ya gani. A Afrilun 2018 MINUSCA da jami'an tsaro suka shigo da farmakin da aka kira Sukula don su kwance musu ɗamara, ba a ci nasara ba, aka yi asarar rayuka. Ranar 1 ga Mayun wannan shekara aka kai hari cocin Fatima ana tsakiyar ibada, aka kashe masu addu'a har da Fada Albert Toungoumale-Baba, mutumin da ya yi wa sulhun unguwannin nan hidima. Abin kunya ne a kanmu, kuma ba ya goguwa da cewa mu ma an yi mana. Waɗanda suka kawo ƙarshen mulkin 'yan bindigar su ne 'yan kasuwar da kansu. A ƙarshen Disambar 2019 suka ce ba za su ƙara biya ba. Aka gwabza, sama da mutum talatin suka mutu, shaguna suka ƙone. Ranar 31 ga watan aka ayyana unguwar a matsayin wurin da aka haramta yawo da makami, a farkon 2020 kuma jami'an tsaron ƙasa suka soma dawowa. 'Yan kasuwar nan da bakinsu suka ce gwamnati suke so, 'yan sanda suke so, harajin da ke da rasit suke so. Ba kasafai ake samun jama'ar da ta zubar da jini tana neman hukuma ta zo ta mulke ta ba.

To, a nan ne da sauran rina a kaba, domin wanda ya kira hukuma da irin wannan murya ya cancanci ta amsa masa da abin da ya fi sintiri.

Na farko takarda. A tsarin da muka gada daga Faransa, mutum yana fara zama ɗan ƙasa ne a ofishin magajin gari, ranar da magatakarda ya buɗe babban littafi ya rubuta sunansa da na uwa da na uba, ya buga hatimi. Daga wannan takardar haihuwa ake samun ta shaidar zama ɗan ƙasa, daga ita katin shaida, sannan fasfo, da jarrabawar makaranta, da aikin gwamnati, da wucewa shingen jandarma ba tare da an sauke ka daga mota ba. In an wuce wa'adin rajista sai an je kotu an samo hukuncin da zai maye gurbinta, da shaidu da kuɗi da zirga-zirga. A lokacin yaƙi an wawashe ofisoshi da yawa a ƙasar, littattafai sun ƙone, mutane sun gudu ba su ɗauki ko tsinke ba, yara kuma an haife su a sansanin gudun hijira a Kamaru da Cadi. Ina jinjina wa magatakardan da suka ci gaba da rubutu da biro a ɗakin da babu wuta, da ungozomomin gidan haihuwa na Gbaya Dombia da na Castors, da ma'aikatan asibitin Mamadou Mbaïki, da ƙungiyar likitocin MSF da ta tsaya musu. Amma har yanzu mai suna Musa ko Hawwa yana shan tambayoyin da mai suna Jean ba ya sha. Na raka ɗan yayata wani ofishi, ba zan kira sunansa ba, da takardarsa cikakkiya a hannu. Ma'aikacin ya duba sunan, ya ɗago ya dube shi, ya ce ya kawo ta mahaifinsa da ta kakansa. Yaron ya juyo ya ce mini, "Kawu, kakan nawa ai yana Boeing." Kakan nan ya biya lanho tun zamanin kwamanda. Na san akwai ma'aikata nagari da ba sa haka, na gamu da su, sun kuma fi yawa. Abin da ake nema shi ne doka ɗaya a manne a bango, da jerin takardun da ake buƙata da kuɗin kowace, yadda alherin ma'aikaci ba zai zama shi ne sharaɗi ba. A kuma riƙa fito da alƙalai zuwa cikin unguwa suna zama a makarantu, su yanke hukuncin haihuwa na ɗaruruwan yara a rana guda, kamar yadda ake yi a ƙasashen maƙwabta.

Na biyu gidaje, kuma wannan a wuyan masu unguwa yake, waɗanda na fara yabo. Babu wanda ya san wa ke da wane fili kamar mai unguwa, a gabansa ake ciniki, shi ke sa hannun shaida. Akwai Musulmin da suka bar gidajensu a Miskine da Boeing da sauran unguwanni, suka dawo suka tarar an kwashe kwano da ƙofofi, ko wani na ciki, ko ma an sayar. Akwai Kiristocin da suka bar nasu a gefen Kilomita Biyar suka tarar da irin haka. An rufe sansanin M'Poko a farkon 2017, an ba mutane ɗan abin komawa gida, amma komawa ina, in gidan yana hannun wani? Mai unguwar da ya iya tsallake gada don a buɗe hanyar matattu zai iya tsallake ta don a buɗe ƙofar rayayyu. Mu fara da namu ɓangaren. Duk gidan Kirista da ke hannun ɗanmu a fitar da shi a miƙa mabuɗi a gaban shaidu, ba sai mun jira an fara yi mana ba. Hannun da ya sa shaida a kan cinikin gidan wanda ya gudu ya ci amanar hatimin da ke aljihunsa, ko da limami ne ya roƙe shi.

Kasuwa kuwa maganarta a fili take. Kullum ana yanka tikiti, ana karɓa daga mai shago da mai tebur da mai tura baro. Da ruwan sama ya sauka sai magudanar Kokoro ta cika da leda ta mayar da ruwa cikin ɗakuna, shara ta yi tudu a bakin rumfunan mahauta, wutar Enerca da ruwan Sodeca kuma sai an ci sa'a. An yi aikin magudanai da tituna da kuɗin hukumar raya ƙasashe ta Faransa da asusun Bêkou na Tarayyar Turai, samari sun samu ɗan abin sawa a aljihu, an gode. An buɗe tashar hasken rana ta Danzi mai megawat 25 a 2023, an gode. Amma magudana ba a haƙa ta sau ɗaya a tafi, yashewa take so kafin kowace damina, kuma wannan ba aikin baƙo ba ne. Mutumin da ya ƙi biyan ɗan bindiga yana da haƙƙin ya san inda tikitinsa ke zuwa. A rubuta abin da kasuwar ta tara a wata, da abin da ya dawo wa da'irar, a liƙa a ƙofar ofis.

Duk waɗannan suna komawa ga tambaya ɗaya: wa magajin gari yake tsoro? Bayan zaɓen ƙananan hukumomi na 1988, ƙasar ta yi sama da shekara talatin da biyar ba ta sake yin wani ba. Da takardar shugaban ƙasa aka riƙa naɗa masu riƙe garuruwa a waɗannan shekaru, abin da mutanen Najeriya ke kira kantomomi. An sa ranar zaɓe a 2022 aka ɗaga, aka sa a 2023 aka ɗaga, haka a 2024. Cikin naɗaɗɗun nan akwai mutanen kirki, na ambaci ɗaya, ga kuma Catherine Samba-Panza da ta tashi daga kujerar magajin garin Bangui ta zama shugabar riƙon ƙwarya a Janairun 2014, ta kai ƙasar ga zaɓen da ya kawo Faustin-Archange Touadéra a 2016. Sai dai naɗaɗɗe, komai kirkinsa, fuskarsa tana kallon wanda ya naɗa shi, wato tana kallon sifili, bayansa kuma yana ga Kilomita Biyar. Tsarin kwamanda ke nan da sabuwar riga. Masu karatu a arewacin Najeriya sun san ciwon, tunda sai da kotun ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye kuma zaɓaɓɓu ne za su riƙe su. Mutanen Nijar sun ɗanɗana zaɓen kwamin 265 a Yulin 2004, sun san bambancin magajin garin da za ka iya tarewa a wurin ɗaurin aure ka tambaye shi zancen rijiya. Abin da ya wajaba a Bangui da Bimbo da sauran garuruwan tsohon yankin shi ne kujerar ta zama ta ƙuri'a, ta kuma zauna haka wa'adi bayan wa'adi, tare da kuɗin da za a yi aiki da shi. An sake taswira a ƙarshen 2020, an ƙara yawan jihohin ƙasar zuwa 20, hedikwatar Ombella-M'Poko ta koma Boali. Sake layi a takarda abu ne mai sauƙi, Turawa ma sun sha yi. Sakin iko da kuɗi zuwa ƙasa shi ne abin da ba su taɓa yi da son ransu ba.

Mu ma 'yan unguwa da namu laifin. Mun daɗe muna ganin aikin gwamnati na wasu ne, namu kasuwa. Muka cire yara daga lakwal da sun iya lissafin canji, muka bar ofisoshi babu mai jin harshenmu, sannan muna kukan ba a san mu ba. Attajirin da ke iya cika mota goma daga Duwala zai iya ɗaukar nauyin yara goma har su zama malamai da ma'aikatan jinya da magatakarda da 'yan sanda, 'yan mata a cikinsu. Mu yi rajistar zaɓe, mu tsaya takarar kansila, mu kuma zaɓi maƙwabci Kirista in shi ya fi cancanta, domin da'ira ta uku ba ta Musulmi kaɗai ba ce, ba ta taɓa zama haka ba. 'Yan'uwanmu na Kano da Maraɗi da Garwa da ke aiko da kaya su riƙa tambayar lafiyar makarantar Koudoukou kamar yadda suke tambayar farashin atamfa.

Ga kuma wani ɗan aiki da ba ya jiran majalisa ko mai ba da agaji, magajin gari zai iya sa hannu a kansa gobe da safe. A ware magatakarda ɗaya da littafi da hatimi, ya riƙa zama a gidan haihuwa na Gbaya Dombia da asibitin Mamadou Mbaïki rana biyu a mako, masu unguwa kuma su sanar da limamai da wanzamai da ungozomomi cewa duk gidan da aka yi haihuwa a aiko uba ko kawu da sunan jariri. Ranar suna, kafin a kai wuƙa wuyan rago, takardar yaron ta riga ta shiga akwatin uwarsa.